Ɗaya a Tudu, Ɗaya a Kwari

Gidanmu a bakin gada yake, daidai inda garinmu Ain Zarga ya rabu biyu. In ka haura kana Tudu, unguwar dangin mijina Lasad. In ka gangara kana Kwari, inda aka haife ni. Kowane ɓangare da masallacinsa, da shagon shan gahawarsa, da makarantar firamarensa ta gwamnati. Tun ina yarinya ban taɓa jin mutumin Tudu ya yabi wani abu na Kwari ba, ko da ruwan rijiya ne.

'Yan biyu na haifa, Wasim da Shaima. Shekarar da za su shiga aji ɗaya, surukina Alhaji Belkasim ya aiko aka kira ni.

"Jikana Wasim Tudu za shi," ya ce, bai ko jira na gama gaishe shi ba. "Makarantar da ke da ƙofa da taga. Ba zan kai shi wancan garken awakin naku ba."

Washegari sai ga yayana Munji a ƙofar gida, ko takalmin gona bai cire ba.

"Mabruka, yara sun yi mana ƙaranci a Kwari. In ajin bana bai cika ba, ba za a buɗe shi ba. Ki ba mu ko ɗaya ne. A can fa kika koyi rubuta sunanki."

Na kira Lasad a waya. Yana can birnin Safakus wurin aikin gini, ina jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa.

"Raba su mana kowa ya huta," ya ce. "Ba littafin gwamnati ɗaya ba ne? Karatu ai duk ɗaya ne."

Haka aka yi. Kullum da safe in tsaya a kan gada, Wasim ya haura, Shaima ta gangara. Duk garin ni kaɗai ce mai ɗa a makarantun biyu.

Wanda ya ga makarantar Tudu sai ya so ya koma yaro. An sake gina ta, an yi mata fenti fari da shuɗi, ga famfo, ga makewayin maza daban na mata daban. Ana ba yara gurasa da kifin gwangwani da rana. Har ɗakin kwamfuta akwai, ko da yake Wasim ta taga kawai yake leƙa shi, don mabuɗin yana aljihun shugaban makarantar, Si Anis. Matsalarta malamai. Yara ne sababbin fitowa ake turo mana daga garuruwan bakin teku. Su zo da akwati ɗaya, sanyin dutse ya buge su, su fara neman hanyar canjin wurin aiki. Kafin Wasim ya riƙe sunan malaminsa, an kawo wani.

Ta Kwari kuwa ɗaki biyu ce, tun zamanin kakanninmu. In ana ruwa sai a jera bokitai tsakanin kujeru. Makewayin ya rufta tun kafin a haifi Shaima, maza su zaga bayan itacen ɓaure, mata su haƙura. Amma tana da Si Taufik. Shi ya koyar da ni, shi ke koyar da 'yata. Aji uku yake haɗawa a ɗaki guda, ga rularsa ta katako a hannu, ba ya dariya, ba ya fashi. Ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya za ka gan shi a ƙofar aji cikin tsohuwar rigar sanyinsa.

Duk na san wannan, amma ban san zurfin abin ba sai da suka kai aji huɗu.

Shaima ce ta fara kukan ciwon mara. Na kai ta ƙaramin asibitinmu, ma'aikaciyar jinyar ta duba ta, ta ɗago ta harare ni.

"Yarinyar nan tana shan ruwa kuwa?"

Shaima ta sunkuyar da kai. Sai a nan na ji cewa tun tana aji biyu ba ta shan komai da safe. Madarar da nake ba ta, kyanwa take zuba wa in na juya baya, don kada fitsari ya kama ta a makaranta.

Da muka dawo gida na sa hannu a kwaɓin gurasa, raina a ɓace. Na ce wa Wasim ya ɗauko takardar da ke cikin kwalin maganin ya karanta min yadda ake sha. Ya buɗe ta, ya ƙura mata ido, ya juya bayanta.

"An ce... a sha da ruwa."

"Ina aka rubuta haka? Nuna min da yatsa."

Ya ɗora yatsa a kan sunan kamfanin. Na share hannuna na zauna kusa da shi. Ni iyakata aji shida, amma na san harafi. Na nuna masa layin farko na ce ya karanta. Yaron da sakamakonsa ke dawowa da "ya yi ƙoƙari sosai" ya fara haɗa baƙi ɗaya-ɗaya kamar ɗan aji ɗaya, yana gumi. Shaima da ke kwance ta miƙo hannu ta karɓa, ta zuba karatu kamar mai labaran rediyo. Na juya mata gefen Faransanci. Ta kasa karantawa, ta ce:

"Si Taufik ya ce sai an turo malamin Faransanci."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Wasim ya fizge takardar. "Mu muna yin Faransanci!"

"To karanta."

Ya rera min wata waƙar kwanakin mako da aka koya musu. Takardar kuwa ko kalma ɗaya bai iya ba. Ranar gurasar ƙonewa ta yi.

Da safe na bi Wasim zuwa Tudu. Si Anis ya tarbe ni da fara'a, ya ba ni kujera mai laushi, ya ce makin Wasim ba laifi.

"Malamin da ya ba shi makin yana ina, in tambaye shi?"

"Ya samu canji, uwar Wasim."

"Wanda ya zo bayansa fa?"

"Ita kuma tana hutun haihuwa. Amma zo ki ga ɗakin kwamfutarmu, duk yankin nan babu irinsa."

Ya buɗe min. An lulluɓe su da leda, sai warin fenti. Na ce masa sun yi kyau, Allah ya sa su koya wa ɗana karatu tunda mutane sun gagara. Bai ji daɗi ba.

Daga nan na gangara Kwari. Si Taufik ya fito da alli a yatsunsa, yana kallona kamar har yanzu 'yar ajinsa ce.

"Malam, yarinyata ta kwanta saboda rashin makewayi."

"Ni malami ne, ba magini ba. Na rubuta, na sake rubutawa, ba wanda ya amsa."

"Ko rami ne a haƙa, a kewaye da bulo."

"Je ki gaya wa yayanki da 'yan zaman gahawa. Shekara nawa suna cewa bayan girbin zaitun? Ke kuma da kika yi karatu a nan, mutuwa kika yi?"

"A lokacinmu makewayin bai rufta ba, Malam."

Ya juya ya koma aji. Na ji ƙarar rula a kan tebur, yara suka ɗauki karatu da murya ɗaya.

Ba a daɗe ba dagaci ya sanar a masallatan biyu cewa hukumar ilimi za ta rufe ɗaya daga cikin makarantun, yara sun yi kaɗan, sufeto zai zo ya ji ta bakin iyaye. Garin ya ɗauki zafi. A wurin ɗibar ruwa matan Tudu suna cewa 'ya'yan Kwari warin awaki suke, matan Kwari suna cewa 'ya'yan Tudu kifin gwangwani kawai suka iya karantawa. Sai kuma kowa ya tuna da ni.

Munji ya zo da jarkar man zaitun sabon matsa. Bai taɓa kawo min mai ba sai na roƙa.

"'Yar'uwa, ke ce shaida. Ki tashi ki gaya wa sufeto wane ne ya iya karatu a cikin 'ya'yanki. Shi ke nan."

"In kuma gaya masa wadda ta kwanta a asibiti?"

"Wannan ai maganar cikin gida ce. Za mu gina makewayin, wallahi, da an gama taron nan."

"Yaya, ɗauki manka."

Bai ɗauka ba, amma ya fita yana cewa aure ya mayar da ni 'yar Tudu.

Alhaji Belkasim kuwa da kansa ya tako, yana dogara sandarsa. Na dafa masa shayi da na'ana'a. Ya kurɓa ya ce sukari ya yi kaɗan.

"Na ji an ce za ki yi magana a taro. Ki tuna a gidan wa kike. Filin makarantar Tudu mahaifina ne ya bayar."

"Baba, jikanka bai iya karatu ba."

"Wa ya ce?"

"Ni na gwada shi."

"Namiji ai ba ya saurin buɗe baki. Ubansa ma haka ya yi, ga shi yana ci da ku." Ya ajiye kofin. "Kada in ji sunan jikana a bakinki a gaban mutanen Kwari."

Na kira Lasad, ina sa ran ko sau ɗaya ya ɗauki wani abu daga kaina.

"Ki ce ba ki da lafiya, kada ki je," ya ce.

"Lasad, 'ya'yanka ne fa."

"Ina kan bene hawa na huɗu da bulo a kafaɗa, Mabruka. Me kike so in yi daga nan?"

Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Sufeton ya zo ranar wata Talata, a gajiye, takalminsa duk laka. Ya fara da Kwari: ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya tambayi inda famfo yake, ya rubuta. Ya haura Tudu, ya murɗa famfo ruwa ya zubo, ya rubuta. Ina biye da su a baya tare da sauran iyaye, ina jira ya tsayar da yaro ɗaya ya ce ya karanta masa layi. Bai yi ba.

A farfajiyar makarantar Tudu aka yi taron. Mutanen Tudu a dama, na Kwari a hagu, mata a baya. Alhaji ya yi dogon bayani a kan filin mahaifinsa. Munji ya lissafa likitoci da lauyoyin da Kwari ta fitar, wani daga Tudu ya ce duk sun gudu sun bar ku da bokitai, aka kwashe da dariya, aka kusa dambe. Dagaci ya ɗaga hannu.

"Akwai matar da ke da ɗa a kowace makaranta. Mabruka, taso."

Na tashi. Ban dubi dama ba, ban dubi hagu ba.

"Ranka ya daɗe, ana ta tambayata wacce ta fi. Ni ban ga wadda ta fi ba. Ɗana yana Tudu, yana cin gurasa, yana wanke hannu a famfo, yana aji huɗu bai iya karanta takardar magani ba. 'Yata tana Kwari, ta iya karatu ta iya lissafi, amma ta kwanta ciwo don babu inda za ta zaga, kuma tana tsoron rula fiye da tsoron maciji. Faransanci kuwa dukkansu babu. Rabin makaranta ke nan, rabin makaranta ke can. In dole sai an rufe ɗaya, a kawo Si Taufik cikin ginin nan, a bar mana shi, a ƙaro masa malamin da zai zauna. Abin da na gani ke nan."

Wurin ya fashe da hayaniya. Munji ya miƙe yana nuna ni: "Ta sayar da mu!" Daga dama wata ƙanwar Lasad tana ihu wai na tona wa ɗan gidansu asiri. Alhaji ya tashi ya fice, sandarsa tana buga ƙasa.

Sufeton ya jira hayaniyar ta lafa. Ba mugun mutum ba ne, har ya ɗan yi min murmushi.

"Maganarki tana da ma'ana, baiwar Allah. Sai dai ni gine-gine aka turo ni dubawa. Tura malamai wani ofishi ne daban."

"To ina mutumin wancan ofishin?"

"Sai ki rubuta musu."

"Ku ba kwa gaisawa ne a can?"

Wasu mata suka yi dariya, dagaci ya ce in zauna. Sai Si Taufik, wanda tun farko yana jingine da bango, ya gyara murya.

"A daina wahalar da kai. Ni ba zan hau Tudu in zauna ƙarƙashin yaron da na girmi ubansa ba. Ranar da aka rufe Kwari, ranar zan ajiye alli."

Wannan ta fi yi min ciwo. Na ɗauka ko kowa ya ƙi, shi zai tsaya don yaran.

Kafin hutun ƙarshen shekara takarda ta iso: an rufe Kwari. Si Taufik ya cika maganarsa, ya yi ritaya, ya koma kiwon zuma a bayan gidansa. Na je har sau biyu ina roƙonsa ko da yamma ne ya riƙa duba yara. Ya ba ni zuma a kwalba, ya ce idanunsa sun gaji. Munji ya daina shigowa gidana, in mun haɗu a hanya sai ya duba wayarsa. Alhaji ya samu abin da yake so amma bai yafe min ba, da Idi ko kuskus ɗina bai taɓa ba. Wasim ma ya yi kwanaki ba ya min magana, don yara suna tsokanarsa da "takardar magani". Na zaunar da shi na ce ba shi na kai ƙara ba, waɗanda suka bar shi haka na kai. Ya ce to me ya sa sunansa kowa ya riƙe.

Da aka koma makaranta, su biyun suka haura tare. Shaima ta sha madararta a gabana. Da rana suka dawo.

"Me kuka yi yau?"

"Ba mu da malami," in ji Shaima. "An haɗa mu da 'yan aji biyu, an ce mu yi zane."

Mako ya wuce, wani ya bi. Yara sun ninka, malamai ba su ƙaru ba. Shaima da ke tashi da asuba don tsoron makara ta fara cewa wai me za ta je yi. Na shiga motar haya zuwa birni, na sami ofishin da ke tura malamai. Wani mutum a bayan gilashi ya ce sunan makarantarmu yana cikin jerin masu jira. Na ce yaran ma suna jira, amma su girma suke yi. Ya ce in dawo wata mai zuwa.

Da na dawo ban zauna a gida ba. Na ɗauki tabarma na haura, na shimfiɗa a ƙofar makarantar Tudu na zauna. Si Anis ya fito yana roƙona in tashi, wai abin kunya ne. Na ce ai kunyar nake so a gani. Kafin azahar mata huɗu sun zauna kusa da ni. Washegari sai ga Najwa, matar Munji, ta haura da 'ya'yanta da tulun ruwa.

"Matsa min," ta ce. "Yayanki ya ce in na zo in nemi wani gidan. Na ce masa to ya koya wa 'ya'yansa lissafi da kansa, in ya iya."

A rana ta uku muka sauko da tabarmin kan titi, muka tare motar da ke ɗaukar madara. Direban ya zage mu, muka rama. Wani ya ɗauki hotonmu a waya ya watsa. Mazan Tudu da na Kwari suna zaune a shagunan gahawarsu suna kallo, kowane ɓangare yana cewa matan wancan ne suka ɓata nasu.

Ba a daɗe ba sai ga malama an turo. Sunanta Ibtisam, 'yar siririya, daga wajen garin Nabul, da akwati mai taya da ta kasa ja a kan duwatsu. Muka tarbe ta da guɗa kamar amarya. Na karɓi akwatin, na ce akwai ɗaki a gidana, da bargo biyu da murhu, ba sai ta nemi haya ba. Ta dube ni, ta dubi dutsen da ke bayanmu.

"Na gode, Inna. Amma gaskiya zan gaya miki, na wucin gadi aka ɗauke ni. Albashin ma ban san ranar da zai fito ba. In na sami wuri kusa da mahaifiyata, tafiya zan yi."

"Kafin ki tafi ɗin, ki koya wa ɗana karatu."

Ta zauna da mu har zuwa bazara, kuma ta yi aiki, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta raba ajin gida biyu, waɗanda suka iya da waɗanda ba su iya ba, ta koma da su Wasim kan baƙaƙe ba tare da ta kunyata kowa ba. Yanzu yana karatu, a hankali, yana bin layi da yatsa. Shaima ta fara haɗa jimlar Faransanci. Ranar da takardar canjin Ibtisam ta zo, a ɗakin girkina ta buɗe, ta yi kukan murna, sannan ta ga fuskata ta ce in yi haƙuri. Na ce ba ita ce za ta ba ni haƙuri ba. Na ɗaure mata gurasa da zaitun, na raka ta bakin titi.

Da motar ta tafi, Najwa ta leƙo daga gangare da kwando a kai.

"Ta tafi?"

"Ta tafi."

"To wa zai karɓi ajin?"

"Si Anis ya ce ya rubuta musu."

Najwa ta ja tsaki, ta sauke kwandon a kan gada. "Gobe za mu koma da tabarmin ko jibi?"

"Gobe," na ce. "Ki biya ki gaya wa matan Kwari, ni zan hau in gaya wa na Tudu. Kuma kowa ta zo da abincin ranarta, wannan karon ba na ciyar da kowa."